Ranar da Aka Nuna Kura a Gidan Tahiru

A unguwar Garin Malam ta Damagaram, duk mai neman man gyaɗa na kirki ya san gidan Inna Hasana. Siririyar mace ce, shekarunta hamsin da 'yan kai, ba ta da yawan magana, tafin hannunta ya yi kanta saboda matsar tunkuza. Asalinta 'yar wani ƙauye ce a karkarar Garagumsa. Can aka haife ta, can ta auri wani manomi mai suna Ɗanƙarami, ta haifa masa 'ya'ya shida, huɗu suka rayu. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ɗanta na uku, Tahiru, wanda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ya je ya ɗauko ta ya dawo da ita birni. Ya so ta huta da sana'a, ta ce in ta zauna hannu sake ciwo ne zai kama ta. Haka ya ƙyale ta da turminta da kaskon suyarta.

Matar Tahiru, Sakina, 'yar birni ce haihuwar Zango, kuma zamansu da surukarta lafiya lau. Sai dai akwai wasu halaye na tsohuwar da suka daɗe suna ɗaure mata kai. Rana na fara yin ja Inna Hasana za ta kora awakinta biyu ɗaki ta sa sakata, ta tafi, ta dawo ta taɓa ƙofar, ta sake dawowa ta taɓa. Ba ta zuwa biki ko gaisuwar mutuwa in ta san za a kai magariba. In za ta kasuwar Dole, ba ta taku ashirin ba ta waiga ba. Wata rana karen maƙwabta ya shinshini dunduniyarta a bakin ƙofa, ta saki kwalaben mai uku suka fashe, ta kafe a tsaye kamar an dasa ta, har sai da aka kamo hannunta aka shigar da ita. Sakina ta tambayi mijinta, ya ce shi tun tasowarsa haka ya gan ta, mahaifinsu ya karɓo mata rubutu har ya gaji, a ƙauye kuwa an daɗe da daina mamaki.

Shekarar da Tahiru ya sayi tele da parabol, faifan nan mai kamo tashoshi, wata tasha ta fara nuna wani shiri kowace Lahadi bayan la'asar, kan dabbobi masu shayarwa. Da Faransanci ake yinsa, kowane mako da dabbar da ake bi. Tahiru kan fito da telen ƙarƙashin rumfa, Sakina ta riƙa juya maganar zuwa Hausa. Mutum biyu ba sa fashi: kawun Sakina, Malam Suma'ila, wanda ya yi shekara talatin yana aikin tsaron gandun daji kafin ya ajiye, da maƙwabciyarsu Hajja Ummul Khairi mai sayar da turaren wuta, mace mai jiki da murya, wadda ba ta taɓa ganin abu ta yi shiru ba.

Rabin daɗin kallon gardamar da ke biyo baya ce. Ranar giwaye, da aka nuna garke ya kewaye gawar wata tsohuwar giwa yana shafa ta da hanci, Hajja ta share hawaye da gefen mayafi ta ce wallahi sun fi wasu dangi zumunci. Ranar jemagu kuwa har aka kira magariba ba ta yarda cewa jemage nono yake ba ɗansa ba. Ta ce duk abin da ke da fiffike tsuntsu ne, masu shirin ne suka haɗa hoton da na'ura don su ruɗi mutane. Malam Suma'ila shi kukansa ɗaya ne: kullum dajin wasu ƙasashe ake nunawa, ciyawa shar har gwiwa, ba a taɓa zuwa ƙasar yashi a nuna yanyawa ko bushiya ba, sai ka ce namu dabbobin ba halittar Allah ba ne. Tahiru yakan kare masu shirin, ya ce mutum ya kwana arba'in cikin rami don ya ɗauki hoton minti biyu, ai ya cancanci a yaba masa.

Inna Hasana ba ta shiga gardama. Can baya take zama kan kujerarta 'yar tsugune, faifan gyaɗa a cinya, tana ɓara tana kallo. Amma shirin ya shiga ranta. Ranar da raƙumar dawa ta haihu a tsaye, ɗan ya faɗo tim daga sama, ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce, “Kai, ko akuyata ta fi wannan tausayin ɗa.” Sakina ta ce tun zuwanta gidan ba ta taɓa jin dariyarta irin ta ranar ba.

A Lahadi ta shida aka zo kan kura.

Kukan ne ya fara fitowa tun kafin hoton, wani gunji da ke farawa ƙasa-ƙasa ya ɗaga sama. Hannun Inna Hasana ya tsaya cak a cikin faifai. Sai ga dabbar ta cika gilashin telen: ƙaton wuya, baya a zube, tana tafe tana rangaji, kai a ƙasa. Aka nuna ta tana bin wata barewa mai ɗan ƙaramin ɗa. Ba ta sauri. In sun tsaya ta tsaya, in sun tafi ta bi. Can ɗan ya gaji ya yi tuntuɓe, ta cafke shi a ƙafar baya. Yana kuka, uwar ta dawo da gudu, ta buga ƙasa da kofato, ta ja baya, ta sake matsowa. Daga nan ta tsaya daga nesa tana kallo, kunnuwa a miƙe. Ɗan bai daina kuka ba ta juya ta shige ciyawa.

“Tir!” in ji Hajja, ta tafa hannu. “Wannan ba uwa ba ce. Yana kiranta tana ji, ta juya ta tafi? Ni ko yatsa ɗaya ya rage mini sai na tsone wa wannan mummunar ido. Shi kuma mai ɗaukar hoton, ba dutse kusa da shi? Yana zaune yana kallo ana cin rai!”

“Hajja, dokar aikinsu ke nan,” in ji Tahiru. “Ba sa shiga tsakanin dabba da dabba. In ya kore ta, ita ma 'ya'yanta na rami suna jiran abinci.”

“Su mutu mana! Wa ya rasa kura?”

Malam Suma'ila ya gyara zama, ya yi murmushin wanda ya san daji. “Ni abin da ya ba ni haushi, sun mayar da ita wata jaruma, har da kiɗa. Kura fa matsoraciya ce. Na sha gamuwa da ita. Ka tsaya ka dube ta ka daka mata tsawa, sai ta sa wutsiya a ƙasa ta gudu. Wanda ya ba ta baya shi take samu. Da uwar nan ta dage kaɗan, da ta saki.”

“Ba ta saki.”

Kowa ya waiwaya. Inna Hasana ce, da wata murya da ba su san ta da ita ba. Idonta na kan telen, gumi na tsattsafo mata a goshi.

“Ba ta saki, Malam. Ko ka yi ihu ba ta saki.”

Faifan ya zame daga cinyarta, gyaɗa ta watsu a tsakar gida. Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta shige ɗakinta, suka ji ta sa sakata. Tahiru ya kashe telen. Hajja ta ce ko jiri ne, Malam Suma'ila ya ce a ba ta ruwa, suka sallama suka tafi jiki a sanyaye.

Kwana uku ba ta hura wutar suya ba. Masu sayen mai suka yi ta zuwa suna komawa. Da rana tsaka ƙofarta a rufe take, in Sakina ta kawo abinci sai ta faɗi sunanta sau biyu kafin a buɗe. Ta ce wa Tahiru ya duba bayan ɗakin awaki, tana jin wani wari. Ya duba bai ga kome ba. Ta ce ya sake dubawa. Babur ya wuce a lungu ya yi wata ƙara, ta zabura har ta buge kai da bango. Tahiru ya ce zai kai ta likita, ta ce ba ciwon likita ba ne.

Ranar Laraba da hantsi, bayan ya tafi lakwal, Sakina ta shiga da kunu ta zauna bakin tabarma, ta ce ba za ta fita ba sai an sha. Tsohuwar ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

“Kin san sunana Hasana,” ta ce. “Ba ki taɓa tambayata ina Husaina ba.”

“Maigidana ya ce tun kuna yara ta rasu, Inna.”

“Haka aka gaya masa.”

Sai ta ba ta labarin, tana kallon ƙasa.

Shekarar babban fari ne, suna da shekara goma. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rumbu ya zama wayam, mahaifinsu ya tafi kudu neman abin da za a ci. Mutanen ƙauye suka koma ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ta kusa da gari ta ƙare, sai an yi nisa. Shanun Fulani sun mutu birjik a daji, mushe ko'ina, shi ya jawo kuraye kusa da mutane. Da mushen ya ƙare, kurayen ba su koma ba.

Ran nan ita da Husaina suka bi mata zuwa wani kwari mai duwatsu. Husaina ta sha fama da gudawa, ƙafafunta kamar sillen kara, ba ta iya sauri. A dawowa matan suka yi musu nisa, rana kuwa ta sunkuya. Hasana ta haɗa ƙoƙunansu biyu na anza ta ɗora a kai, ta riƙe hannun 'yar'uwarta tana ja. Wari ta fara ji, irin na ruɓaɓɓen nama. Ta waiga. Tana nan bayansu, tazarar da ba ta fi daga rumfa zuwa zaure ba, tana tafe a hankali. Suka tsaya, ta tsaya. Hasana ta yi ihu, ta jefa mata dutse, ta jefa mata ƙoƙo. Dabbar ta ɗan kauce, ta dawo kan hanya. Husaina ta ce ƙafarta ta ƙi, ta durƙusa.

“Ban ga sanda ta iso ba,” in ji Inna Hasana. “Ji na yi an fizge ta. A cinya ta kama ta. Ni ina ja nan, ita tana ja can. Ina ganin idonta, Sakina, kusa kamar yadda nake ganinki. Numfashinta na dukan hannuna. Husaina na cewa, ‘Kada ki sake ni, kada ki sake ni.’ Ta ja mu mu biyu a ƙasa, gwiwoyina suna karta tsakuwa. Sai ta ɗago ido ta dube ni. Na buɗe hannuna. Ni na buɗe, ba suɓucewa ta yi ba. Na yi ta gudu, ina jin tana kiran sunana har na hau tudu.”

Da ta isa gida ta ce sun rabu a hanya, ba ta san inda Husaina ta yi ba. Maza suka fita da sanduna. Washegari wansu Hamisu, mai shekara goma sha biyar a lokacin, ya dawo da guntun zane da ƙoƙo ɗaya. Ba a sami abin da za a binne ba. Mahaifiyarsu ba ta sake ambaton zancen ba har ta koma ga Allah.

“Shekara arba'in ban gaya wa kowa ba, ko mahaifin mijinki. Sai ga shi an kawo mini ita har tsakar gida, Hajja na cewa tir, kawunki na cewa da an dage da ta saki. Ina zaune ina ji ana yi mini shari'a.”

Sakina na kuka ta ce, “Inna, shekararki goma fa. Ga yunwa.”

“Ita ma shekararta goma.”

Da yardarta Sakina ta gaya wa Tahiru, shi kuma ya je ya sami Malam Suma'ila. Tsohon ya zo da yamma, ya cire takalmi a ƙofar ɗaki ya tsuguna. Ya ce, “Hasana, ki yafe mini, na yi maganar da ta fi ƙarfin sanina. Kurayen da na gamu da su ƙosassu ne, ni kuma ƙato ne da bindiga a kafaɗa. Mayunwaciyar kura ko ingarman jaki ta kama sai ta ja shi. Da ba ki saki ba, zane biyu za a tsinto.” Ta ce ta gode, ba kome. Amma da ya fita sai ta tashi ta mayar da sakata.

Mako biyu bayan haka ta ce za ta ƙauye wurin Yaya Hamisu, shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu, ba ta son ɗayansu ya mutu da ƙaryar nan a tsakaninsu. Tahiru na da aiki, Sakina ta raka ta. Suka shiga motar haya ta farko, ƙirar hiyas, da sassafe, suka sauka a bakin kwalta, amalanken shanu ya ƙarasa da su.

Sun tarar da Hamisu a gindin itacen bedi yana tufka igiya, ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Bayan an gaisa an sha fura, ta ce tana da magana. Ta faɗa masa duka, ba ta rage kome ba. Ya saurara bai ɗago ba, hannunsa na kan igiyar. Da ta gama ya ajiye igiyar.

“Ai mun sani,” ya ce.

Ta dube shi.

“Ranar da kika shigo gida, Innarmu ta ga hannunki. Sawun farce huɗu tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, jini na zuba. Ƙaya ba ta yin haka. Ni kuma da na je wurin na ga inda aka ja mutum biyu a ƙasa, taku goma sha wani abu, kafin sawu ɗaya ya rabu ya yi gari. Na gaya wa Inna. Ta ce, ‘Yarinyar nan ta riƙe iya riƙonta. Duk wanda ya tambaye ta wani abu ban yafe masa ba.’ Shi ya sa ba wanda ya taɓa buɗe baki. Mun ɗauka kin manta, ke yarinya ce.”

Inna Hasana ta juya hannunta na dama tana dubawa. Ba tabo, fatar ta daɗe da shafewa. Ba ta ma tuna an yi mata rauni a wurin ba. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ya fito da matan gidan daga ɗakuna. Hamisu ya hana a taɓa ta, ya ce a bar ta ta yi. Daga baya ya aika aka kira liman, aka yi wa Husaina addu'a, aka raba goro da dabinon da Sakina ta zo da su. Hamisu ya ce su kwana, kura dai rabon da a ji ɗuriyarta a yankin ya fi shekara talatin, dajin duk ya zama gonaki. Inna Hasana ta ce a'a, ita a kai ta bakin hanya tun rana na sama.

A dawowa, sun wuce Takeita da kaɗan, motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe ƙarƙashin kujera, inda injin yake, yana ƙwanƙwasa, fasinjoji suka fita suka baje a gindin wani itacen ƙaya suna mita. Babu gari kusa, sai gonakin da aka girbe da wasu duwatsu baƙaƙe daga arewa. Rana ta fara ja. Inna Hasana ta ƙi fita. Ta ja gilashi ta rufe duk da zafin da ake yi, ta damƙe hannun Sakina, idonta a kan duwatsun, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Wani abu ya motsa a cikin karan gero, ta ƙanƙame yarinyar har sai da ta yi ƙara. Tunkiya ce ta fito tana jan igiya. Ko da ta gan ta sarai, ba ta saki Sakina ba sai da injin ya tashi aka cika mota, suka hango fitilun Damagaram ana kiran magariba.

Ranar Asabar Inna Hasana ta hura wuta ta soya gyaɗa tiya huɗu, masu sayen mai suka dawo. Shirin dabbobin kuwa saura mako huɗu ya ƙare, kuma ta kalli uku daga ciki. Kowace Lahadi sai ta sa Tahiru ya duba mata tukuna wace dabba ce za a nuna. Makon da ya ce karnukan daji ne, ta ɗauki faifanta ta tafi gidan Hajja, wadda ita ma ta ce ta gaji da ganin ana cin rai. Suka zauna su biyu suna ɓarar gyaɗa, Hajja na ba ta labarin tsadar turare, har aka aiko cewa an gama.